Fuskar Inna a Ƙarƙashin Fenti

A dangin nan goggonni suna da yawa, amma in aka ce Goggo aka yi shiru, to mai zane ake nufi. In kuma tsokana ake ji, sai a cika sunan a ce Goggo Bari-in-gyara. Ba a banza ta samu sunan ba. Ita dai tunda take ba ta taɓa yarda cewa ta gama zane ba. Za ta zana maka hoto ta kawo maka kyauta, ka buga ƙusa ka rataye a falo kana ta murna. Shekara ta zagayo ta zo gaishe ka, kuna hira bakinta yana amsa maka, idonta kuwa yana kan bango. Kafin shayi ya huce ta miƙe ta sauke hoton ta soke shi a hammata, ta ce, "Wannan inuwar ba ta zauna ba, bari in gyara."

Wani hoton yakan dawo bayan 'yan watanni, wani sai an manta da shi. Akwai 'yar yayanta da ta samu zanen tulun furanni lokacin da ta tare a gidanta. Da ya je gyara ya dawo, sai ga kyanwa zaune a bakin taga, fure ko ɗaya babu. Ta ce, "Goggo, ina furannina?" Goggo ta ce, "Suna nan a ƙasa, ai ban fitar da su ba." Tun daga lokacin, da an ji sallamarta a ƙofa sai ka ga yara sun ruga suna tura hotuna bayan kujera. Marigayi maigidanta, wanda ya yi aiki a gidan ruwa har ya yi ritaya, yakan ce shi dai ya gode wa Allah da aka halicce shi mutum ba hoto ba, da tuni an mai da shi kyanwa.

Su biyu Inna, mahaifiyar Goggo, ta haifa suka rayu, Yaya sai ita, shi ya sa har yau da furfurarta da komai Auta yake kiranta. Babansu ya rasu tana goye a bayan Inna. Inna ce ta riƙe su da keken ɗinki a ɗaki biyu na haya, a wani layi da kowa ke jin tarin maƙwabcinsa. Goggo ta fara zane da gawayi a katangar tsakar gida, ta sha faɗa, ta koma bangon littattafan makaranta, ta sha wani faɗan. Daga baya ta yi makarantar horon malamai, ta shafe shekara talatin da ɗoriya tana koyar da zane a firamare. Ranakun hutu kuwa tana rubuta allon shago ga masu aski da masu sayar da magani. Har yanzu akwai wani shagon aski a bakin titi da kawunan da ta zana suke jere a allonsa, duk da cewa an daina irin wannan askin tun tuni. Mai shagon ya hana ta taɓawa. In ya hango ta tafe sai ya fito da almakashi a hannu ya tsaya a gaban allon, su gaisa a haka.

Cikin duk abin da ta zana, ɗaya ne bai taɓa barin ɗakin aikinta ba, wato hoton Inna. Tana 'yar sakandare ta yi shi. Murfin kabad ɗin Inna ne ya ɓalle, ta ɗauka ta goge, ta roƙi ragowar fenti wurin wani mai fentin gidaje da ke layinsu, ta zaunar da Inna ta zana. Bayan rasuwar Inna rufin ɗaki ya yi yoyo a kan akwatin da hotonta na kyamara ɗaya tilo yake ciki, hoton ya jiƙe ya narke. Saboda haka murfin kabad ɗin nan shi kaɗai ne fuskar Inna da ta rage a duniya. Jikoki da tattaɓa-kunne duk a jikinsa suka san ta. Da yake kuma Goggo Goggo ce, shi ma bai tsira ba. Duk lokacin da hannunta ya ƙara gogewa sai ta dube shi ta ji kunyar aikin ƙuruciya, ta ɗauko buroshi. Ta gyara kafaɗa, ta gyara ɗankwali, ta gyara hasken goshi. Ba ta taɓa ɗaukar hakan canji ba. A ganinta kyautata wa mahaifiya take yi, kamar yadda ake sauya wa tsohuwa zanin gado.

Ana nan sai ga Aku. Aku ɗalibarta ce a aji huɗu, yarinyar da in ta fara magana sai an kaɗa ƙararrawa take numfashi, kuma Goggo ce ta raɗa mata sunan. Yanzu ta girma, ta yi karatu mai zurfi, ita ce ke kula da wani zaure a tsakiyar gari inda ake nuna zane-zane. Ma'aikatanta Shugaba suke ce mata. Ta zo har gida ta durƙusa ta gai da Goggo, ta ce za a yi nunin ayyukan tsofaffin masu zane na garin, kuma an ware mata bango guda sukutum.

"Tsofaffin ayyuka muke so, Malama. Na da can."

"To ai ni ba ni da tsohon aiki," in ji Goggo.

Aku ta dubi ɗakin, hotuna jingine da juna har bakin ƙofa. "Waɗannan fa?"

"Katakon ne tsoho. Abin da ke sama duk na bara ne da bana."

Aku ta yi dariya har ta riƙe ciki. Suka zauna suka zaɓi waɗanda za su tafi, Goggo ta ce a ba ta lokaci ta ɗan taɓa su. Aku ta ce ta yarda, amma da sharaɗi: duk wanda fentinsa ya bushe za ta aiko a ɗauke, kuma in ya shiga zaure ya shiga ke nan, ba mai sake ɗora masa buroshi. Haka aka kwashe makonni, Goggo tana gyara Aku tana kwashewa. Zanen kasuwar kayan miya ya samu ƙarin mai keke a gefe. Na tashar mota kuwa sararin samaniyarsa ya tashi daga safiya ya koma yamma, domin a cewarta mutanen da ke ciki sun yi kama da waɗanda suka wuni suna jira. Hoton Inna ne ya tafi a ƙarshe. Yaya ne ya kai shi a ƙaramar motarsa ta kaya, a naɗe cikin bargo, bai ma buɗe ba. Rabonsa da ganin hoton an daɗe ƙwarai, domin warin tina, ruwan nan da ake narka fenti da shi, yana tayar masa da tari. In ya zo gidan a falo yake tsayawa.

Ba wanda ya ce Goggo ta zo taya rataye hotuna. Ita ta kai kanta, don tana son ganin yadda ake yi. Zauren da can sito ne, dogo, rufinsa can sama, an shafe bangonsa da farin fenti har yana kashe ido. Ta shiga bin ma'aikata da tambaya kamar 'yar aji ɗaya. Me ya sa ake sa farar safar hannu kafin a taɓa hoto, alhali ita ta saba ɗaukar nata da hannun miya? Me ya sa ake jera hotunan a ƙasa a jingine da bango, a yi ta kai wannan can a dawo da wancan nan, kafin a huda ko rami ɗaya? Aku ta ce hotuna kamar baƙi suke a wurin taro, akwai waɗanda in aka zaunar da su kusa da juna sai ɗaya ya danne ɗaya. Goggo ta ji daɗin bayanin, ta ce ashe surutun ya yi rana. Abin da ya fi ɗaukar hankalinta shi ne wani ɗan ma'auni mai ɗigon ruwa a ciki, wanda ake ɗorawa a kan firam ɗin hoto a ga ko ya karkace. Ta karɓa ta bi hotunan da aka riga aka rataye tana gwadawa, ta gwada bakin taga, har ta ɗora a kafaɗar mai gadi ta ce masa ya karkace ta hagu.

Kafin azahar an ba ta aiki na sosai. Ita ke tsayawa daga nesa ta ce a ɗaga ko a sauke, ita ke riƙe ƙusoshi a gefen mayafi tana miƙawa, ita ke goge sawun fensir da aka yi alama da shi a bango. Matsalar kawai hotunan mutane ne. Ta tsaya gaban zanen wani tsohon abokin aikinta, jirgin ruwa ne a tsakiyar kogi, yatsunta suka fara motsi da kansu. Aku ta hango ta daga can ƙarshen zaure.

"Malama, hannu a baya!"

Haka Goggo take ce wa ɗalibanta a aji. Ta mai da hannu baya tana gunaguni cewa ruwan nan bai yi kama da wanda zai jiƙa mutum ba.

Da la'asar Yaya ya shigo don ya mai da ita gida. Tsohon direba ne, mai jiki, mai son zolaya. A lokacin an gama rataye bangon Goggo, hoton Inna a tsakiya. Ya bi bangon yana kallo yana gyaɗa kai, har ya zo tsakiya ya tsaya. A hoton wata dattijuwa ce zaune, ta fuskanci mai kallo, bakinta a rufe, fuskarta a natse, haske yana sauka a goshinta. Aiki ne na gwanin hannu. Ma'aikatan zauren duk sun ce shi ya fi kyau a bangon.

"Auta, yaushe kika zana kanki?"

"Kaina kuma? Yaya, ina tabaranka? Inna ce."

"Wace Innar?"

"Inna nawa gare mu?"

Ya ciro tabarau ya saka, ya matsa kusa, ya ja baya. Zolayar ta bar fuskarsa. "Wallahi ba wasa nake ba, wannan ke ce. Ga ƙasusuwan kumatunki, ga layin nan da ke fito miki tsakanin gira in kina tunani. Ki dubi wuyan ma. Inna ba ta kai waɗannan shekarun ba, Auta. Ke yanzu ai kin girme ta."

Maganar ta daki Goggo. Ta so ta yi musu, ta ce 'ya ai dole ta yi kama da uwarta. Amma da ta sake dubawa sai ta ga gaskiyarsa. Inna ta rasu gashinta baƙi wuluk, wannan kuwa ga furfura tana leƙowa ta gefen ɗankwali. Ita da hannunta ta sa furfurar, ta ma tuna ranar, kuma a lokacin gani kawai ta yi hoton yana son ɗan fari a wurin.

"To yaya fuskarta take?" ta tambaye shi.

Yaya ya cire tabaransa. Ya shafa gemu. "In na gan ta zan gane ta," ya ce a hankali. "Amma in ce miki ga yadda take, ta gudu min."

Ita ma ta lalubi nata tunanin. Duk inda ta juya wannan dattijuwar ta bango take gani, mai rufaffen baki. Suka tsaya su biyu, tsofaffi, a gaban hoton uwarsu, ba wanda ya san kamanninta.

Mai gyaran wutar zauren, wani dogon mutum sa'an Yaya, yana saman tsani kusa da su. Ya kashe layin fitilun bangon don ya sauya ƙwai, ya kunna fitilarsa ta hannu ya ajiye a matakin tsani, dab da bango. Hasken ya zo daga gefe yana shafar fuskar katakon.

"Tsaya! Malam, kar a motsa," in ji Goggo.

"Ni ko fitilar? Don ni ƙafata ɗaya a sama take."

"Ku duka."

A wannan hasken fentin ba sumul yake ba. Tudu ne da kwari, kamar gonar da aka yi wa huɗa aka sake yi mata wata a karkace. Akwai layin haɓa a inda babu haɓa, ya karkata gefe. Akwai wata kafaɗa sama da wadda ake gani. Kusa da baki akwai wani ɗan kumburi mai tsawo. Goggo ta kai yatsa ta bi layin a hankali. Fentin gida kauri gare shi, buroshin da ta yi aiki da shi a wancan lokacin kuma mai taurin gashi ne, ya bar sawun da duk fentin da ta yi ta ɗorawa bai cike ba.

"Tana nan," ta ce. "Yaya, zo ka gani, tana ciki. Kuma ba nan take kallo ba."

To ina take kallo? Me ta ɗaga wa kafaɗa? Wannan kumburin na mene ne? Ita ta zana hoton, amma ko da za a yanka ta ba za ta iya faɗa ba. Ta aika a kira Aku, ta ce a sauke mata shi.

"Malama, sharaɗinmu fa? Jibi za a buɗe."

"Ba gyara zan yi ba. Cirewa zan yi."

Aku ta yi shiru, abin da ba a saba gani ba. Sannan ta ce ta taɓa ganin masu irin wannan aikin, watanni suke ɗauka a kan hoto ɗaya. In tsohon fenti da sabo sun kama juna, tare suke tashi. "Za ki iya tashi ba wannan ba wancan, Malama. Katako kawai."

Yaya ya tsorata. "A bar shi, Auta. Da na sani ma da na kama bakina. Ko ke ce a jiki, ai jininta ce. Yara sun saba da shi."

"Yara sun saba gai da ni a bango suna cewa kakarsu."

Wani abu ta tuna wanda ya ba ta ƙwarin gwiwa. Mai fentin nan ya ba ta har da ragowar banish a gindin gwangwani, man nan da ake shafa wa katako ya yi ƙyalli, kuma ta shafe hoton da shi don ya burge. In banish ɗin yana nan, zai raba tsakanin na ƙasa da na sama. Abin da ba ta tuna ba shi ne ko ya isa ko'ina.

Aku ta yi ajiyar zuciya. "Naki ne, Malama. In ya lalace sai in bar wurin fili in ce wa mutane sabon salo ne."

Washegari da hantsi Goggo ta zo da kwalbar tina da auduga da sabuwar reza. Aku ta ba ta ɗakin ajiya na baya, akwai tebur a bakin taga tsakanin kwalaye. Mai gyaran wuta ya ara mata fitilarsa, ya ce amma kar ta shafa mata fenti. Ta kwantar da katakon, ta fara daga ƙasa, can kusurwa, inda ko an yi ɓarna ba a fuska ba ne. Ta jiƙa auduga ta ɗora, ta jira, ta murza. Shuɗin rigar ya narke ya bi audugar. A ƙarƙashinsa ja ne mai duhu, ta gane shi nan take: na shekarar da maigidanta ya rasu ne, lokacin da duk abin da ta taɓa duhu yake fitowa. Ƙarƙashin jan kuma rawaya, wadda makaranta ta taɓa sayowa da yawa har hedimasta ya ce kowa ya ɗiba. Ƙarƙashin rawayar sai ga wani ruwan toka da ba ta tuna ba sam.

"Kai kuma daga ina?" ta ce da shi.

Abin ya fara yi mata daɗi har ta manta da tsoro. Tana cikin haka reza ta zame a kan wani abu mai santsi. Ta goge wurin, sai ga ƙyalli mai ruwan zuma, a ƙarƙashinsa kore shar, irin koren da ake shafa wa ƙofar gida. Banish ɗin yana nan, ya riƙe amana.

Daga nan ta yi ta haurawa. Ma'aikata suna leƙowa ɗaya bayan ɗaya su koma. Audugar da ta ɓaci ta taru a gefenta kala-kala. Da ta zo wuyan dattijuwar sai hannunta ya tsaya. Wannan wuyan ta yi alfahari da shi, ta daɗe kafin ta samu yadda fata ke naɗewa a ƙarƙashin haɓa, kuma ta san da wuya ta sake yin irinsa. Ta kalle shi sosai, ta jiƙa auduga ta ɗora.

Haɓa ta fito a karkace, ta juya hagu. Sai kumburin nan na kusa da baki. Ta bi shi da bakin reza a hankali, tana hurewa tana gogewa, har ya bayyana. Leɓe ne. Bakin a buɗe yake! Leɓen ƙasa ya turo gaba, gefe ɗaya ya ɗage sama, ga wushirya a tsakanin haƙora, haƙoran kuwa yarinyar, wato ita Goggo tana 'yar sakandare, ta yi su manya-manya da farin fentin bango. Aiki ne na ɗanyen hannu, ba inuwa ba daidaito. Goggo ta fashe da dariya ita kaɗai a cikin kwalaye, dariyar ta zo da hawaye. Sai a lokacin ta tuna ranar da ta rufe bakin. Kwanakin rasuwar Inna ne, mutane suna zuwa gaisuwa, ta ga bai dace a riƙa ganin mamaciya da baki buɗe ba. Shi ne gyara na farko.

Yanzu ido take so. Ɗoki ya kama ta, ta daina tsayawa gwaji. Kumatu suka fito, hanci ya fito. Ta jiƙa auduga sosai ta ɗora a idon dama, ta murza kamar yadda take yi tun safe. Audugar ta dawo da launin da ba ta zata ba, baƙi da fari da ruwan ƙasa a cakuɗe. Ta duba wurin. Katako ne tsirara, har ana ganin jijiyar itacen. Ashe daga ƙasa yarinyar ta fara shafa banish, gwangwanin ya ƙare a daidai karan hanci. Idon dama, na da da na yanzu, duk suna jikin audugar da ke hannunta.

Ta daɗe tana kallon audugar. Har ta buɗe ta a hankali, kamar za ta samu idon a naɗe a ciki.

A haka Yaya ya same ta. Ya tsaya a bakin ƙofa ya toshe hanci da hankici. "Auta, warin nan zai kai ni asibiti. An samu ko an rasa?"

"Na ɓata, Yaya. Na cire mata ido."

Ya shigo ya zagayo bayan teburin. Hankicin ya sauka daga hancinsa. Ya zauna a kan wani kwali, kwalin ya lotsa, bai ma kula ba.

"La'ilaha illallahu," ya ce. "Ni take wa wannan bakin."

"Kai kuma?"

"Ni mana! Ba ki ga inda ta juya ba? Ai ƙofa ce a nan wajen. Kina zanenki na shigo. Almakashinta na ɗinki na ɗauka na yanka roba zan yi facin keke, na dawo da shi ya dakushe." Ya ɗage kafaɗa ɗaya, ya turo leɓe, ya maƙe murya. "Kai dai in ba ka ga bayan almakashin nan ba hankalinka ba zai kwanta ba!"

Muryar ta fito siririya, ƙarshenta ya haura sama ya karye, daidai yadda take yi. Shi kansa ya firgita da jin ta a bakinsa. Suka dubi juna. Goggo ta ji sauran ya biyo baya da kansa: ita tana cewa Inna ki tsaya mana, Inna tana cewa ɗinkin mutane yana jiranta, ba ta da lokacin zama kamar gunki. Ba ta taɓa tsayawa ba, shi ya sa yarinyar ta gaji ta zana abin da ta fi gani.

"Amma idon, Yaya."

"Ido? Auta, mu da ido aka raine mu? Bakin nan ne ya raine mu." Ya share fuska da hankicin, ya yi tari, bai tashi ba.

Aku ta shigo ta tsaya a bayansu. Abin da ke kan teburin ba ya kama da komai da ke cikin zauren. Daga hanci zuwa ƙasa matar nan ce mai faɗa, da koren rigarta da manyan haƙoranta. A gurbin idon dama katako ne. Idon hagu da goshi kuwa har yanzu na dattijuwar nan ne, a natse, da furfurarta.

"Za ki ci gaba da ɗayan, Malama?"

Goggo ta ɗauko fitilar ta riƙe ta a gefe. A ƙarƙashin idon hagu, ɗan ƙasa kaɗan, ga sawun wani idon, ƙarami, a tsuke, ya nufi ƙofa. Ba banish a kansa. Duk abin da zai ɗauke na sama zai ɗauke shi. Ta so ta gan shi, har cikin ranta ta so, ko da kallo ɗaya ne ta san ko harara ce ko dariya ce Inna take dannewa. Ta riƙe fitilar har hannunta ya gaji, sannan ta kashe ta, ta rufe kwalbar tina.

"A'a. Wannan a bar shi inda yake. Yana nan, ba inda za shi."

"A rataye shi haka?"

"Haka."

"Mutane za su yi tambaya."

"Su yi, ai ina wurin."

Yaya ya ce ba wanda zai kai shi bango sai shi. Ya miƙe da ƙyar, ya kama katakon da hannu biyu ya ɗaga, fuskar tana kallonsa. Bai kai bakin ƙofa ba ya tsaya, ya juya shi ya fuskanci gaba.

"Lafiya, Yaya?"

"Ba zan iya tafiya tana yi min faɗa a fuska ba."

Suka fito zuwa zauren, Inna a gaba, su a bayanta.